Ga mai son sayen tsohuwar BMW mai ƙofa biyu

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka ga BMW 330Ci ƙirar 2003 a nan Birnin Kebbi, kuɗinta bai kai na Corolla sa'arta ba, kana tambaya ko ka saya ta zama motar zirga-zirgarka ta kullum. Shekara huɗu na riƙe irinta, kuma har gobe ina sonta, saboda haka ba kushe zan yi mata ba. Amma arahar nan da ka gani tana da dalili: abin da ka rage wajen dillali, bakanike da mai kayan gyara ne za su karɓa.

Babban ciwonta ruwa ne. Injinta mai silinda shida, lita 3, na alminiyam ne, ba ya yafe zafi ko sau ɗaya. Tankin ruwan da ke jikin lagireto kuwa roba ne, ya shekara ashirin yana shan wuta, ga zafinmu na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Wata Juma'a ina dawowa daga Jega, ban kai Kalgo ba sai na ga allurar zafin inji ta hau ja. Nan take na gangara gefen titi na kashe. Da na ɗaga bonet, wani tsagi ne siriri kamar zare a gefen tankin, ruwa na tsartuwa yana tururi. Da na ce bari in lallaɓa in ƙarasa gida, da kan injin ya lanƙwashe, kuma wannan aikin kaɗai zai iya tsayar da motar wata da watanni. In ka saya, ka sauya tankin, da famfon ruwa, da tamostat mai daidaita zafin inji, da bututun gaba ɗaya tun kafin su nuna alama. Kada ka yarda a cire maka tamostat wai don ƙasarmu da zafi, kada kuma a ɗura mata ruwan famfo zalla.

Kayan gyaran ba a nan suke ba. Sai Kofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas. Na taɓa jira sati uku, aka aiko ta tasha, ashe na wata ƙirar ne. Tun daga ranar ba na tura kuɗi sai na haɗa da lambar shasi da hoton tsohon kayan.

Baƙin mai lita 6.5 take sha, mai kyau na sintetik, inda Corolla ke tsayawa a wajen lita 4. In ka ji ƙauri bayan tafiya, galibi gasket ɗin murfin inji, wato robar da ke toshe bakinsa, ne ke yoyon mai. Fetur kuwa ka san inda muke tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023. In mai faɗin taya ce, na baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su, kuma rami ɗaya yana iya cinye maka taya da rim tare, don motar a ƙasa take ƙwarai. Da damina akwai unguwannin da ban shiga da ita ba sam.

Ka je dubawa da sassafe kafin a tayar da ita, ka ji kukan injin yana sanyi. A sa mata kwamfutar gano matsalar mota. A ɗaga ta a duba ƙasan bayanta, inda ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya ya haɗu da bodi, domin wannan ƙirar ta shahara da tsagewa a nan.

In ita ce za ta kai yara makaranta, ta kai Hajiya asibiti, shawarata ka haƙura ka ɗauki Corollar. In kana da wata motar a gida, da kuɗin gyara a gefe, da bakanike da ya saba taɓa BMW, to bismillah. Ka turo min lambar shasin, in Allah ya yarda zan raka ka mu duba ta ranar Asabar.