Alhaji, kafin ka loda ridin nan zuwa Kano

Wani ɗan kasuwa daga kasuwar Dole nan Damagaram ya turo min saƙo, ya ce yana sayen ridi a ƙauyukan Magarya yana saida ma 'yan sari, yanzu yana so ya riƙa kai wa kasuwar Dawanau ta Kano da kansa, ya ce mi ke sa wasu su iya fitar da kaya waje wasu su kasa alhali duk kayan ɗaya ne?

Alhaji kayan ba ɗaya ba ne wallahi. Mai saye a Dawanau zai soka hannu cikin buhu ya damƙo, ya buɗe tafinsa ya hura, in ya ga ƙasa da tsakuwa da baƙin ridi sun gauraya da fari nan take ya rage maka kuɗi, don shi ma zai saida ma wani ne, wanda zai kai Legas a sa a jirgin ruwa. Ka sa a rairaye, a shanya ya bushe sosai, buhu ya cika awo. Sannan babban mai saye ba ya son wanda zai kawo buhu 50 yau ya ɓace wata 3, gara ku haɗu ku huɗu ko biyar ku cika mota ɗaya, kuɗin mota ma ya sauka a kan kowa.

Amma inda na fi ganin mutane na karyewa shi ne canji. Da sefa ka sayi kaya, naira za a biya ka. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kan yuro 1, ita naira tun da aka sake ta a 2023 ba ta da mazauni. Sai ka ga riba a takarda, ka zo wurin ɗan canji ribar ta narke. To ka yi lissafinka da sefa tun kafin motar ta tashi, kuma ranar da aka biya ka ranar ka canza, ko ka sayo kayan da ke tafiya nan gida.

Takardu kuwa, NIF (lambar haraji) da RCCM (rajistar kasuwanci) ka yi su, ka bi ta duwan. Ka tambaye su ma abin da aka yarda ya fita, don a 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa.

Iyaka ma ba a ba ta amana, Najeriya ta rufe a 2019, an sake rufewa a 2023. Kar ka zuba jarinka duka a lodi ɗaya, balle kuɗin bashi. Fara da rabin mota tukuna, ka turo min lissafin in ka dawo.