Kanun Labarai, Kwabo da Ƙanzon Kurege

Wasiƙun wannan makon duk a kan tsofaffin jaridu suka faɗo, sai ka ce masu karatu sun haɗa baki. Bari mu fara da mai sauƙi.

Wata ɗaliba ta ce: "Malam, kullum ina jin kanun labarai. Mene ne kanu ɗin?"

Malama, kanu jam'in kai ne. Kai yana da jam'i fiye da ɗaya, akwai kawuna, akwai kanu. Kawuna ya mamaye bakin mutane, shi kuwa kanu ya samu mafaka a gidajen jarida da rediyo, can yake cin tuwonsa har yau. Labari yana da kai, yana da gangar jiki, kuma yawancin masu karatu kan suke shafawa su wuce. Ita kalmar jarida Balarabiya ce, haka ma mujalla da labari. Edita ne baƙo daga Turanci.

Wani dattijo kuma ya rubuto, da alama yana dariya yana rubutun: "Gaskiya Ta Fi Kwabo dai muka sani. To Malam, gaskiyar da kwabo kaɗai ta fi, ai ba ta da tsada."

Baba, a yi wa kwabo adalci. Lokacin da jaridar ta fara fitowa a Zariya, cikin Janairun 1939, da Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa, kwabo kuɗi ne mai mutunci. Anini goma ke yin kwabo ɗaya, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin kuma fam. Kalmar kwabo daga Turanci ta zo, daga sunan jan ƙarfe. Hikimar sunan jaridar ita ce kwabo ɗaya ake sayar da ita, don haka sunan ya faɗa maka farashi, ya kuma yi maka alkawarin cewa abin da ke ciki ya fi kuɗinka. Talla ce da habaici a jimla ɗaya. A ganina har yanzu ba a yi kanun da ya kai wannan suna iya tsara magana ba.

Naira ta zo a 1973 ta kori fam da sule, amma kuɗin da suka bar aljihu ba su bar harshe ba. Yaron da bai taɓa ganin sisi ba zai rantse maka ba shi da ko sisin kwabo, ko ya ce ko anini ba a ba shi ba. In ka tambaye shi anini nawa ne a kwabo, sai ya sosa ƙeya.

Tambaya ta uku ita ta fi ba ni nishaɗi: "Wace karin magana ta dace da jaridar da ta buga labari kafin ya faru?"

Riga malam masallaci. Ladan bai kira salla ba, liman bai fito ba, kai har ka ta da kabbara. Misalin da duniya ba ta gajiya da shi a Amurka ya faru. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 2 ga Nuwamba, 1948, kowa na ganin Thomas Dewey zai kayar da Harry Truman. Jaridar Chicago Daily Tribune, wadda yajin aikin masu ɗab'i ya tilasta wa shiga injin da wuri, ta buga da manyan baƙaƙe cewa Dewey ya kayar da Truman. Gari ya waye, Truman ne ya ci. Aka ɗauke shi hoto a tashar jirgin ƙasa ta St. Louis, ya ɗaga jaridar sama, haƙora duk a waje. Abin da ke cikin labarin ba wanda ya tuna, kan ne ya rage. Bahaushe ya riga ya ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. To ta baki ke nan, wadda iska ke ɗauka. Ina ga wadda aka zuba wa tawada? Ga Dewey kuwa, ta leƙo ta koma.

Amma a lura, wannan azarɓaɓi ne, ba ƙanzon kurege ba. Wani mai karatu ya tambayi bambancinsu. Ƙanzo shi ne abin da ke maƙalewa a gindin tukunya bayan an kwashe tuwo. Kurege kuwa bai taɓa ɗora tukunya ba, balle a samu ƙanzo a raminsa. Saboda haka ƙanzon kurege abu ne da babu shi sam. Irinsa jaridar The Sun ta birnin New York ta yi a 1835, da ta jera labarai cewa an hango halittu masu fukafukai irin na jemage suna yawo a duniyar wata. Mutane suka yi ta saye. Mai azarɓaɓi ya yi sauri ne ya haifi nawa, mai ƙanzon kurege kuwa da gangan ya shirga ta. Ji-ta-ji-ta tana tsakaninsu, ba ta da uba, kowa ya ce shi ma ji ya yi.

Akwai wanda ya yi ƙorafin cewa kanun labaranmu sun cika maimaici: kowane gwamna ya lashi takobi, kowane ɓarawo dubunsa ta cika, kowane ɗan takara ya sha kaye ko ya sha da ƙyar. Gaskiya ne, kuma da jaridu ne ke ƙirga takubban, da harsuna sun ƙare a ƙasar nan. Sai dai ina kare su. Fili kaɗan ne a saman shafi, karin magana kuwa a dunƙule take zuwa, kalma uku ta ɗauki nauyin sakin layi guda. Abin da ba na yafewa shi ne a sa ta inda ba gurbinta ba. Ɓarawon da aka kama ranar satarsa ta farko dubunsa ba ta cika ba, ko biyu bai yi ba.

Na ƙarshe ya ce ya ga tsohuwar takarda an rubuta "baki" inda ake nufin "baƙi". Wannan ciwon na'ura ne, keken rubutun da ba shi da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ga misali nawa na ƙirƙira, ba daga wata jarida ba: a rubuta "An kare shugaban" alhali "an ƙare" dabam, "an kare" dabam. Ɗaya tsaro aka ba shi, ɗaya sai dai a yi wa iyalinsa jaje. Ko "Sarki ya karɓi baki", ka rasa ko mutane suka zo masa, ko an yi masa tiyata. Wayoyin yanzu suna da waɗannan haruffa, danna harafin kawai za ka yi ka ɗan riƙe, in ka sa Hausa a allon rubutunka.