Amsa ga ƙanwar da bizarta ta kusa ƙarewa a Ingila

Ƙanwata cikin Ubangiji, na karanta tambayarki tun daren jiya, amma na dakata har gari ya waye, domin irin wannan magana ba a amsa ta a tsaye. Kin ce saura wata 7 bizar da aka ba ki bayan karatu ta ƙare a Ingila, kin nemi aiki wurare da dama babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin takardunki, har ta kai in kin durƙusa addu'a bakinki yakan yi nauyi, kina kuma tambaya ko wannan tsoro alamar rashin bangaskiya ne. Daga Jos nake rubuto miki, amma na yi kusan shekara 3 a arewacin Ingila, kuma tabarmar da kike kai yanzu ni ma na zauna a kanta.

Na tafi karatun digiri na biyu a watan Janairun 2023, na bar maigida da yara biyu a Tudun Wada, bayan mun sayar da fili mun yi lissafi har sau uku a kan takarda. A watan Yunin 2023 aka saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 700 cikin 'yan kwanaki, kuɗin da muka ajiye domin ragowar kuɗin makaranta bai ƙara kai kashi biyu cikin uku na abin da ake bina ba. Dokar bizar ɗalibi kuwa ba ta yarda a yi aiki fiye da awa 20 a mako ba muddin ana cikin zangon karatu. Da kyar, da gudummawar 'yan'uwa, na biya. Ina murnar samun bizar shekara 2 ta bayan karatu ke nan, sai a watan Afrilun 2024 aka ɗaga albashin da akasari ake bukata kafin kamfani ya ɗauki nauyin ma'aikaci, daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara. Na kawo waɗannan ne domin ki gane cewa abin da ya same ki ya sami dubban mutane, masu addu'a da marasa yi, saboda haka kada ki ɗauke shi a matsayin hukunci a kanki.

Game da tsoro, amsata a taƙaice ce: a'a. Uban yaron nan a Markus sura 9 ya furta cewa ya ba da gaskiya, a numfashi guda kuma ya roƙi a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu bai kore shi ba, ya warkar da ɗansa. Ranakun da na kasa haɗa kalmomi, Zabura 13 nake buɗewa in karanta a bayyane, tun da Dawuda ya riga ya yi mini tambayar “har yaushe”.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne Irmiya sura 29. Dukanmu mun haddace aya ta 11, wadda take maganar shirin alheri da Allah yake da shi dominmu, mun sha ganinta a jikin kalanda da katin bikin kammala karatu, amma ban taɓa kula da waɗanda aka rubuta wa ita ba sai a wancan zaman. Wasiƙa ce zuwa ga mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila, baƙi a ƙasar da ba tasu ba. A sura ta 28 wani annabi mai suna Hananiya ya yi albishir a Urushalima cewa cikin shekara 2 komai zai dawo daidai, kuma wannan ne abin da kunnuwan mutane suke so. Irmiya kuwa ya ce shekara 70 ce, ya ce su gina gidaje su zauna, su shuka gonaki su ci amfaninsu, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a. Bayan duk wannan ne aya ta 11 ta zo. Ni a lokacin na rataye rayuwata ne a ƙusa ina jiran takarda: ban shiga kowane aiki a ikilisiya ba, ban san sunan maƙwabciyata ba, ko labule ban saya wa ɗakina ba, domin kullum cewa nake sai na san matsayina. Na ɗauka wannan jiran shi ne dogara ga Allah, ashe riƙe numfashi ne kawai.

Ranar Kirsimeti ta 2023 ina bakin aiki a gidan kula da tsofaffi, labarin harin ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi ya iso ni ta waya, dangin mahaifiyata kuma can suke, wayoyinsu ba sa shiga. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, kamar yadda yake yi musu a wannan wata. Ina ba wata tsohuwa abinci da cokali, hannuna yana rawa, matar da ta manta sunayen 'ya'yanta, sai na ji tana rera wata murya a hankali. Waƙa ce da muke yi a sujada tun ina makarantar Lahadi, da yake yawancin waƙoƙin da muke rerawa da Hausa daga na Turawa aka juyo. Ta yi da Turanci, na bi ta da Hausa, ta riƙe mini yatsa har muka kai ƙarshe. Sai bayan kwana biyu na sami labarin mutanenmu, wasu sun tsira, wani ɗan kawuna bai tsira ba. Allah bai yi mini bayani ba, har yau ma bai yi ba, amma a wannan ɗakin na tabbata yana wurin, na kuma gane cewa tsohuwar nan tana cikin birnin da aka ce in nemi lafiyarsa.

Akwai jarabar da nake so ki shirya mata, domin tana zuwa ne daidai irin watannin da kike ciki. Wani ɗan ƙasarmu ya same ni da maganar cewa zai samo mini takardar ɗaukar nauyi in na biya dubban fam, ya kuma kira abin buɗin Ubangiji. Na kwana uku ina juya maganar, ban ɓoye miki ba, raina ya so. Na ƙi ne domin ba zan iya durƙusawa in yi godiya a kan abin da na san ƙarya ne ba. Daga baya na ga waɗanda suka biya, aka soke lasisin kamfanin, suka rasa kuɗin da aikin gaba ɗaya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fito ba.

Ban sami mai ɗaukar nauyina ba. Na dawo Jos kafin wa'adina ya cika, na sha tambayar “yaushe za ki koma” a bakin majami'a da kasuwar Farin Gada, kuma ta yi mini zafi. Yanzu ina koyarwa, yarana suna kwana kusa da ni, filin da muka sayar bai dawo ba tukuna. Na san wata 'yar'uwa da ta sami aiki saura mako 3 bizarta ta ƙare, addu'arta kuwa ba ta fi tawa ba, tare muke yi. Saboda haka ba zan zama miki Hananiya ba, ba zan ce lalle takarda za ta fito ba.

Ki ci gaba da neman aiki da iyakar ƙarfinki, ki nemi shawara wurin mai ba da shawara kan shige da fice wanda hukuma ta yi wa rajista, tun da dokokin suna sauyawa. Ki fara ajiye kuɗin jirgi gefe guda, wannan ba ya rage komai daga bangaskiyarki, kada kuma ki wuce ranar da aka rubuta miki. Ki faɗa wa mutanen gida gaskiyar halin da kike ciki, domin kunyar da muke ji a gabansu takan fi matsalar nauyi. Ki kuma shiga ikilisiyar da ke kusa da ke, ko da babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta, ki karɓi aiki komai ƙanƙantarsa, ko dafa shayi bayan sujada ne, ki bari fasto ya san sunanki da damuwarki.

Ranar Laraba zan kai roƙonki taron addu'ar Zumuntar Mata, ba tare da na ambaci sunanki ba. Ki sanar da ni ko kina da ikilisiyar da kike zuwa a can, da kuma ko Mama ta san abin da ake ciki.