Kashi 80 ɗin da ka rubuta ba na iyaye ba ne

Aminu, ka tambaye ni me ya sa na mayar maka da rahotonka, alhali manhajar FlowJo ta nuna kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin limfosait (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) da ka rina da CFSE, rini mai ƙyalli, sun dusashe bayan kwana huɗu da zuba musu PHA, sinadarin da ke sa su rabuwa. Ka rubuta cewa kashi 80 sun rabu. Ba haka ba ne.

Rinin CFSE yana shiga ƙwaya, ya manne da furotin ɗinta, ba ya fita da sauƙi. Idan ta rabu biyu, kowace 'ya ta ɗauki rabin rinin. Shi ya sa idan hasken leza mai shuɗi na nanomita 488 ya haska su a cikin na'urar ƙirga ƙwayoyi, kake ganin tuddai a jere a zanen sakamakon, kowane da rabin hasken na damansa. Lyons da Parish ne suka fito da wannan dabara a Ostareliya a 1994. Da hannu mai kyau za ka ga tuddai bakwai ko takwas kafin hasken ya nutse cikin hasken da ƙwayar ke da shi tun asali.

To ga inda ka zame. Ɗauki ƙwayoyi 100. 80 sun zauna ba su motsa ba, 20 sun rabu sau huɗu, kowace ta zama 16, jimla 320. Na'ura za ta ƙirga 400, ta ce 320 sun dusashe, wato kashi 80. Amma iyayen da suka amsa kira 20 ne kacal. Wanda ya shiga gida a Daura ya tarar da jikoki fal tsakar gida, ba zai ce yawan kakanni ke nan ba. Sai ka raba adadin kowane tudu: na farko bayan na waɗanda ba su rabu ba da 2, na biyu da 4, na uku da 8, na huɗu da 16, sannan ka san iyaye nawa ne. Manhajar tana yin wannan da kanta, ta ba ka matsakaicin rabuwa iri biyu. Wanda ya haɗa da waɗanda ba su motsa ba, a misalinmu 0.8 ne, wanda ya ƙirga masu rabuwa kaɗai, 4 ne. Ka faɗi wanne ka ɗauka, domin labarinsu daban.

Amma manhaja ba ta san inda tudun iyaye, wato na waɗanda ba su rabu ba, yake ba sai ka nuna mata. Kada ka ɗauko samfurin ranar farko, don rinin yana raguwa a yinin farko ko da ƙwaya ba ta rabu ba. Ka ajiye wasu da ka rina ba ka zuba musu PHA ba, ka karanta su rana ɗaya da sauran. Ka ajiye wasu kuma babu rini sam, don ka ga hasken da ƙwayar ke da shi tun asali.

Kafin nan, ka kewaye matattu da waɗanda suka manne biyu-biyu ka fitar da su, in ba haka ba tuddan za su cakuɗe. Rini kuma kada ya yi yawa, yana kashe ƙwayoyi. Ni nakan tsaya ƙasa da maikromola 5. Bututan ka naɗe su da takardar azurfa, hasken tagar ɗakin nan namu na Katsina ba ya raga wa rini.

Gobe ka zo da fayil ɗin, mu sake jan shingen da ake kewaye ƙwayoyi da shi a manhajar tare.