Tambaya da Amsa: Yaya aka yi garin Amurka ke da sunan Jamus?

Tambaya: Malam barka da aiki, ɗan'uwana direban tirela ne a Texas, yace yana yawan bi ta wani gari Schulenburg, wai sunan Jamusawa ne. Me ya kai su can? Daga mai karatu, Zariya.

Amsa: Yawwa malam, gaskiya ya faɗa maka. Jamusawa da 'yan Cek sun yi ta ƙaura zuwa Texas neman ƙasar noma, suka kafa ƙauyuka irinsu High Hill. To a 1873 sai ga layin dogo ya ratsa ta filin wani Bajamushe mai suna Louis Schulenburg, aka kafa tasha aka sa mata sunansa, nan fa 'yan High Hill suka ga kasuwa ta koma bakin tasha, kowa ya tattara ya bi jirgi, ƙauyen nasu ya koma tsit. Kai da ke Zariya ai ka san yadda jirgi ya raya Sabon Gari.

Abin da ya fi burge ni shine cocin St. Mary da ke High Hill, na 1906, ciki duk zanen fenti ne har rufi, kamar dai na can gida Turai. Garin Schulenburg dai har yau mutanensa basu kai 3,000 ba.