Tambayi Baba Likita: An ware wa yayana kwano

TAMBAYA: Baba Likita, barka da aiki. Wata huɗu ke nan da aka gano yayana na ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, daga nan kuma magana ta fito cewa maza yake nema. Mahaifinmu ya ce kada ya ƙara taka masa ƙofar gida. Umma kullum cikin kuka take, amma ba ta iya cewa uffan. Yanzu yana raɓe a ɗakin wani abokinsa, a can ma an ware masa kwano da kofi. Ina son in je in gan shi, sai dai ina tsoron cutar, ina kuma tsoron fushin Baba. Yaya zan yi? 'Yarka daga Zariya.

AMSA: 'Yata, wasiƙarki ta kwana uku a kan teburina na kasa amsa ta, domin ta tono mini wani mutum da ban taɓa ba da labarinsa a wannan fili ba.

A 1984 na tafi ƙaro karatu birnin San Francisco na Amurka. Ƙofar ɗakina na kallon ta wani Bature mai aiki a gidan burodi. Ba zan faɗi sunansa ba. Shi ya ba ni rigar sanyi ta farko, shi ya koya mini shiga motar haya ta garin. Da azumi ya zo, ya lura fitilata na kunne ƙarfe uku na dare, lokacin fitarsa aiki. Da na yi masa bayanin sahur, sai kullum in tarar da burodi a leda rataye a ƙofata, har watan ya ƙare. Daga baya ya gaya mini shi ɗan luwaɗi ne, kuma mahaifinsa, dattijo a cocin wani ƙauye na jihar Texas, ya kore shi yana ɗan shekara 19 da jaka ɗaya a hannu. Na san abin da addinina ya ce, shi ma ya san na sani. Amma maƙwabcina ne, kuma ni ke cin alherinsa.

Lokacin cutar na ɗibar samarin garin kamar fari sun faɗa gona. A watan Yunin 1981 aka fara ba da rahotonta, a jikin samari biyar a Los Angeles. Sai 1983 masana a Paris suka gano ƙwayar, gwajin jini kuma sai 1985. Magani babu. Na farko, AZT, bai fito ba sai Maris na 1987, kuɗinsa wajen dala 10,000 a shekara, kuma abokina bai kai lokacin ba.

Da tari ya fara, sai rama, sai wasu tabo ruwan makuba a wuya da ƙafa. A nan na yi abin da har gobe nake neman gafarar Allah a kansa. Wata rana ya kawo mini miya a kwano, na karɓa na gode, yana juya baya na zubar, na wanke kwanon da bilic. Da na mayar masa, sai ya kai kwanon hancinsa, ya dube ni, bai ce komai ba. Ni fa likita ne, na san kwano ba ya ɗaukar cutar. Tsoro ne kawai ya fi ƙarfin ilimina. Daga ranar bai sake ƙwanƙwasa mini ƙofa ba.

Sai da aka kwantar da shi asibiti na iya tattara kaina na je. Bai yi mini gori ba. Roƙona ɗaya ya yi, in buga wa mahaifiyarsa waya. Ta ɗauka, na yi bayani, ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, “Yana cin abinci?” Kafin in ba ta amsa na ji muryar namiji, aka katse layin. Da na dawo ya tambaye ni me ta ce, na faɗa masa. Sau uku ya sa na maimaita masa. Ya rasu a 1986 yana da shekara 31, mu shida muka binne shi, babu ɗan'uwansa ko ɗaya. A Oktoban 1987, da aka shimfiɗa wani makeken bargon tunawa da mamatan a Washington, ƙyalle 1,920, kowanne girman kabari, abokan aikinsa sun ɗinka rigar aikinsa a kan nasa. Bayan shekara biyu wasiƙar mahaifiyar ta iso gidanmu, tana tambayar inda kabarin yake. Da na karanta cewa Ummanku na kuka ba ta magana, wannan matar na tuna.

To 'yata, yayanki ba a 1986 yake ba. Tun 1996 aka sami haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar, yanzu yawanci ƙwayar magani ɗaya ce a rana, kuma kyauta ake ba da ita a asibitocin gwamnati. Wanda ya riƙe shan ta zai iya tsufa kamar kowa. Waɗanda na ga sun tafi a 'yan shekarun nan, galibi kunya ce ta hana su zuwa karɓar magani, ko kuma rashin mai tambayarsu ko sun sha. Cutar ba ta bin kwano ko kofi, ba ta bin musabaha, banɗaki ko cizon sauro. Hanyarta jini ne, da saduwa, da uwa zuwa jariri.

Batun mahaifinku, kada ki tunkare shi gaba da gaba yanzu, ransa a ɓace yake. Ki nemi wanda yake jin nauyi, gwaggonku ko wani amininsa, a bi shi a hankali. Ba cewa za a yi ya yarda da komai ba, a tuna masa dai ɗansa ba shi da lafiya. Ki kuma rufa wa yayanki asiri, kada maganar ta wuce waɗanda suka riga suka sani.

Amma zuwan kam, kada ki jira sai an shirya. Ki sa Umma ta dafa abin da ya fi so, ki kai masa da kanki. Ki tambaye shi ko ya fara shan magani, da ko an yi masa gwajin tarin fuka. Sannan ki wanke hannu, ki zauna, ku ci a kwano ɗaya. In kin dawo ki gaya wa Umma ko ya ci, ni ma ki rubuto ki gaya mini.