Ga mai neman littafin sarauniya da na son maso wani: ki fara da Mary Tudor

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin nemi a ba ki sunayen littattafai iri biyu, ɗaya a kan rayuwar Sarauniyar Ingila, ɗaya kuma a kan son maso wani, kuma kin ce kina karanta Turanci matuƙar bai yi tsauri ba. Na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata kafin na yi ritaya, kuma yawancin littattafan da zan ambata na karanta su fiye da sau ɗaya, wasu ma na ba da aronsu ba su dawo ba har yau.

Ba ki faɗi wace sarauniya kike nufi ba. Mu a nan idan aka ce Sarauniyar Ingila, hankali yakan tafi ga Elizabeth ta Biyu, wadda ta zo Najeriya a 1956 aka yi mata hawan daba a Kaduna. Waɗanda suka riga ni ba ki amsa kuwa sun tura ki ga Sarauniya Biktoriya. Ni shawarata ta bambanta da tasu, domin akwai sarauniyar da tarihinta kaɗai ya haɗa buƙatunki biyu, wato Mary Tudor, wadda ta mulki Ingila daga 1553 zuwa 1558.

Dalilin da ya sa ban sa Biktoriya a gaba ba shi ne labarinta na takaba ne, ba na son maso wani ba. Ita da kanta ta nemi auren Albert a 1839, saboda ba ya halatta wani ya fara furta wa mai sarauta wannan magana, aka ɗaura aure a Fabrairun 1840, suka haifi 'ya'ya 9. Da ya rasu a Disamban 1861 yana da shekara 42, sai ta sa baƙaƙen kaya ba ta sake cire su ba har ta rasu a 1901, kuma ta sa ana ci gaba da kai ruwan zafi ɗakinsa ana shimfiɗa masa tufafi kamar yana raye. Wannan ciwo ne babba, amma ciwon wadda aka so ne sannan mutuwa ta raba. Idan duk da haka kina son karanta ta, littafin Lytton Strachey mai suna Queen Victoria, na 1921, gajere ne kuma ana samunsa kyauta a intanet, sai dai marubucin yana da shaguɓe, dole ki riƙa lura da inda yake yabo da inda yake zolaya. Na Elizabeth Longford, Victoria R.I., wanda ya fito a 1964, ya fi shi tsawo da adalci. Ki kuma riƙe a ranki cewa littafin da Biktoriya ta riƙa rubuta al'amuranta na yau da kullum tun tana shekara 13 bai iso mana duka yadda ta bar shi ba, domin autarta Beatrice ta kwafe shi tana cire abin da ba ta so a gani, sannan ta ƙone mafi yawan na asalin.

Mary kuwa tun tana budurwa ta san ɗacin a juya wa mutum baya. Mahaifinta, Sarki Henry na Takwas, ya rabu da mahaifiyarta Catherine a 1533 saboda ba ta ba shi ɗa namiji da ya rayu ba, aka ce auren tun farko ba aure ba ne, aka tuɓe wa Mary matsayin gimbiya, aka kai ta zama a gidan jaririyar ƙanwarta Elizabeth, 'yar matar da ta maye gurbin uwarta. Har mahaifiyar ta rasu a 1536 ba a bari sun gana ba. Duk wadda ta tashi a gidan da aka saki uwarta aka kawo wata za ta fahimci waɗannan shafuka ba sai an yi mata bayani ba, kuma na ga hakan a fuskokin ɗalibaina duk shekarar da muka zo wannan darasi.

Ba ta yi aure ba sai da ta hau karaga. A ranar 25 ga Yulin 1554 aka ɗaura aurenta da Filib, ɗan Sarki Charles na Biyar kuma magajin sarautar Sifaniya, a birnin Winchester, tana da shekara 38 shi kuma yana da 27. Mutanen ƙasarta da yawa ba su so auren ba, har aka yi tawaye a kansa a farkon shekarar, amma ta tsaya kai da fata. Ita ta shiga auren da zuciyarta gaba ɗaya, shi kuwa umarnin mahaifinsa ya bi, domin ana son a jawo Ingila ɓangarensu a rigimarsu da Faransa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bai wulaƙanta ta a fili ba. Yana girmama ta, yana yi mata ladabi a gaban jama'a, kuma wannan ladabin ne ya bar mata ƙofar sa rai a buɗe har ƙarshen rayuwarta.

A ƙarshen 1554 alamun juna biyu suka bayyana gare ta, a 1555 ta shiga ɗaki a fadar Hampton Court tana jiran haihuwa, aka tanadi ungozomomi da gadon jariri, har wata rana a ƙarshen Afrilu jita-jita ta bazu a Landan cewa an haifi yarima aka yi ta kaɗa ƙararrawa. Watanni suka wuce babu naƙuda, daga ƙarshe ta tabbata babu komai a cikin. Ba a jima ba Filib ya tsallaka teku ya bar ta da kunya da gorin maƙiya. Bai dawo ba sai a Maris na 1557, kuma abin da ya kawo shi shi ne neman ta sa Ingila ta shiga yaƙi da Faransa. Ta amince, ya tafi a Yuli, ba su sake ganin juna ba. A wannan yaƙin ne Ingila ta rasa garin Calais da ke gaɓar tekun Faransa a Janairun 1558, wanda ta riƙe fiye da shekara 200. Mary ta rasu ranar 17 ga Nuwamban wannan shekarar. Filib ya rubuta wa 'yar'uwarsa cewa ya ji baƙin cikin rasuwarta daidai gwargwado, sannan bayan 'yan watanni ya aika neman auren ƙanwarta Elizabeth.

Littattafai biyu zan ba ki a kanta. Na Anna Whitelock, Mary Tudor: England's First Queen, na 2009, babobinsa gajeru ne ƙwarai kuma Turancinsa mai sauƙi ne, shi ya fi dacewa da abin da kika faɗa game da karatunki. Na Linda Porter, Mary Tudor: The First Queen, na 2007, ya fi zurfafawa cikin halinta da zaman fada. Dukansu suna tausaya mata, saboda haka kada tausayin ya mantar da ke cewa a zamaninta an ƙone mutane kusan 280 da ransu saboda sun ƙi komawa ɗarikar Katolika da ita take bi. Wadda aka cuta a gida ita ce kuma ta sa hannu a wannan, kuma mai karatu na gaskiya dole ya riƙe abubuwan biyu tare.

A ɓangaren ƙagaggen labari, guda ɗaya zan tsaya a kansa, Villette na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1853. Labarin wata malamar makaranta ce marar gata a baƙuwar ƙasa, wadda ta kamu da son wani likita mai fara'a ga kowa, shi kuwa idonsa yana kan wata. Akwai wurin da ta tattara 'yan wasiƙun da ya taɓa rubuta mata, waɗanda a wurinsa gaisuwa ce kawai, ta sa su a kwalba ta binne a gindin bishiya. Marubuciyar ta san abin da take faɗa. Ta je karatu birnin Brussels a 1842, ta shaƙu da malaminta Constantin Heger, magidanci mai iyali, kuma bayan ta koma gida ta riƙa aika masa wasiƙu tana roƙon ko da layi ɗaya na amsa. Guda 4 ne suka tsira. Ya yayyaga wasu ya zubar, matarsa ta tsince su ta harhaɗa, wasu da zare da allura, sai a 1913 'ya'yansa suka miƙa su ga gidan tarihin Birtaniya. A gefen ɗaya daga cikinsu ma an ga ya rubuta adireshin wani mai gyaran takalma. Ki nemi bugun da ke da ƙarin bayani a baya, domin akwai maganganu da yawa cikin Faransanci da ba a fassara su a cikin labarin ba.

Na ga an ambata miki The Sorrows of Young Werther na Goethe, wanda ya fito a Jamus a 1774. Shahararre ne kuma gajere, amma saurayin ya ƙare da kashe kansa saboda matar wani, kuma littafin yana ƙawata wannan hali fiye da yadda nake so. Ba ki faɗi ko nishaɗi ya sa kike neman irin wannan karatu ba ko kuwa abin yana cinki ne a zuciya. Idan na biyun ne, ki ajiye Werther tukuna, ki fara da Whitelock, in kin gama ki ɗauki Villette, kina karanta babi biyu ko uku a rana, domin farkonsa yana tafiya a hankali sai malamar ta isa makarantar da za ta koyar.